Takardar da na rubuta a kan 'yar mai doya

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da huɗu, ina zaune a Lafiya da mijina mai tuƙa keke napep, ɗanmu ɗaya yana aji biyu a firamaren gwamnati ta unguwarmu. Na gama sakandare, kuma a layinmu ni ake kawo wa fom in cike, ni ake ba waya in karanta saƙo. Wannan ɗan ilimin da nake taƙama da shi ne ya kai ni ga abin da har yau nake nadamarsa.

Makarantar dama ta lalace. Rufin ajin ɗana yana yoyo, yara huɗu ko biyar a benci ɗaya, saura a ƙasa, malama ɗaya ke riƙe da azuzuwa biyu tana kai da kawowa. A haka aka ce an ba da umarni daga sama, a haɗa yara masu lalura da sauran yara a aji ɗaya. Aka yi wa allon bakin get fenti, aka ɗauki hoto, shi ke nan. Ba a ƙaro malami ba, waɗanda ke nan ma ba a koya musu komai ba. Cikin yaran da aka kawo akwai wata mai farfaɗiya, uwarta tana sayar da doya a kasuwa. Ranar da yarinyar ta fara faɗuwa a aji, ɗana ya dawo yana kuka, ya ce kowa gudu ya yi, wai in yawunta ya taɓa mutum shi ma zai kamu.

A taron iyaye mun yi zafi. Gaskiya haushinmu ya daɗe, na yoyo, na rashin malamai, na yaranmu da ko sunansu ba su iya rubutawa ba, amma duk muka juye shi a kan yarinyar nan, don ita ce hannunmu ke iya kaiwa. Uwarta ta miƙe da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Yarinyana ba ya cizo. Karatu ne kawai yana so." Aka yi dariya, ta ɗauki jakarta ta fita. Bayan fitarta aka ce ni in rubuta takardar koke da Turanci, a nemi a kori yarinyar. An koya mana a sakandare cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Na sani sarai. Amma ga tsoro, ga daɗin a ce ni ce mai biro, sai na zauna na rubuta, iyaye suka sa hannu.

Hedimasta ya ce ba shi da ikon korarta. Sai ya sa aka fitar mata da kujera baranda, wai ta riƙa jin karatu ta taga.

Bayan kamar sati uku, ranar an yi ruwa sosai da safe, na kai wa ɗana abinci lokacin tara. Na tarar yara sun tsaya nesa-nesa suna kallo. Yarinyar ta faɗo daga baranda cikin kwata, fuskarta a ruwa, jikinta yana fizga. Malama tana ɗaya ajin. Masu awara a bakin get suna ta salati, ba wadda ta matsa. Ni ma na tsaya, wallahi na tsaya, ban san iya tsawon lokacin ba. Daga baya na yar da kular abincin na shiga, na ɗago kanta na kwantar da ita ta gefe ɗaya. Jini da yawu suka jiƙa min hijabi. Haƙoranta biyu sun karye. A asibiti nas ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan da ruwan ya shaƙe ta.

Yarinyar ba ta koma makaranta ba, tana zaune gefen doya a kasuwa. Uwarta ba ta san wanda ya rubuta takardar ba. Duk ranar da na wuce sai ta kira ni ƙanwata, ta yi min gyara, ta nuna wa maƙwabtanta ta ce ga wadda ta ceci 'yarta. Ni kuwa sai in karɓi doyar in wuce, har yau ban gaya mata ba.

Ina jin haushin kaina, amma wanda ya fi ci na shi ne na masu ba da umarni daga ofis su bar malama ɗaya da abin da mutum biyar ba za su iya ba, sannan su bar mu talakawa muna cin junanmu. Iyaye 'yan'uwana, in an kira ku taro ku tambayi ina malamai, ku nace har a ba ku amsa. In kun ga mai farfaɗiya ya faɗi ku matsa kusa, yawunsa ba ya cutar da kowa. Kuma kada ku yarda ku sa hannu a kan ɗan wata. Mun yi, an raba yarinya da karatunta, ɗana kuwa bai ƙaru da ko harafi ɗaya ba.