Gilashin Murhun da Inna Take Gogewa

Shekarar da muka ɗauko Inna daga Ruma, ba ta zo da komai ba sai ƙullin tufafi da carbi da fushi. Sau biyu 'yan bindiga suka shiga garin a damina ɗaya, a na biyun suka kore awakinta duka. Maigidana ne ya je da babur ya taho da ita, kusan da ƙarfin tsiya. Mahaifiyata ce, ni ce kuma babbar 'yarta, saboda haka gidana na Batsari aka sauke ta.

Ba ta ji daɗin zaman ba ko kaɗan. Matar da ta saba rana ba ta fito ta same ta a zaune ba, sai ga ta a kan tabarma ana kawo mata koko. Kullum maganarta ɗaya ce, ita ba za ta zauna inda ba ta da aikin yi ba, da an yi girbi za ta koma. Na san halinta, in ta faɗa sai ta aikata. Duk wanda ya zo daga can kuwa ba ya kawo labari mai daɗi, don haka hankalina a tashe yake.

Ni da safe ina koyarwa a Islamiyya, in na dawo ina gasa kek na biki da suna. Maigidan ya sa mai walda ya ƙera mini murhun ƙarfe, sama wurin gashi, ƙasa wurin wuta, ƙofar wutar kuma da gilashi mai kauri. Amfaninsa shi ne ki ga wutarki ba sai kin buɗe ba, don kina buɗewa zafi zai tsere, kek ya kwanta. To amma a hannuna gilashin nan bai taɓa yin kwana biyu da haske ba. Baƙin hayaƙi ke like masa kamar gindin tukunya.

Wata rana Inna ta gan ni ina dirzarsa da sabulu, shi kuma da sauran zafinsa, ina ta mita.

"Ke ɗiyar nan, hwasa shi za ki yi? Bari ya huce, ki kawo mini habɗi."

Na ɗebo mata tokar jiya. Ta jiƙa tsumma, ta matse, ta dangwali toka, ta riƙa zagaya gilashin a hankali. Baƙin da na yi wata ina faɗa da shi ya narke a gabana. Ta bi da busasshen ƙyalle, sannan ta harare ni, wai ilimin nawa duk a allo ya tsaya.

Daga ranar wuta ta koma hannunta. Ta ce laifin ba na gilashi ba ne, na itace ne. A Ruma busasshen marke da ƙirya take ƙonawa, yanzu kuwa ba mai shiga daji, ɗanyen bedi, wato dogon yaro, ake sarowa a bakin gari. Sai ta ƙwanƙwasa itace biyu ta saurara kafin ta karɓa. Ɗanyen ta sa a faskara shi ƙanana, ta shanya a kan katanga har mako. In ta haɗa wuta tana tura itacen can ciki kada ya taɓa ƙofa, ta bar 'yar kafar iska ta ƙasa a buɗe har harshen wutar ya yi tas. Aka yi girbi, aka kai hatsi rumbu, ba ta ambaci Ruma ba. Ni kuwa sai murna nake a ciki.

A shekara ta biyu ne kek ya fara ƙonewa. Na farko na ce tsautsayi. Ran da faranti uku na wani suna suka zama gawayi, raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Ba ta rama ba. Ta ce hayaƙin bana mugu ne, ya shige cikin gilashin, ba ta ganin wutar sosai.

Washegari aka tashe mu daga makaranta da wuri, na dawo na tarar da ita durƙushe gaban murhu tana gogewa. Na tsaya a bayanta. Gilashin nan fes yake, har fuskata nake gani a ciki, ita kuwa sai ƙara dangwalar toka take, tana matso da fuskarta kusa. Na kira ƙanwata da ke aure a Safana, ta ce ai da Inna ta je mata da salla, ta ga tana zuba kunu a gefen kofi, ta ji nauyin faɗa ne kawai. Ashe yanar ido ce ta fara rufe mata gani.

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Ƙarya na zaɓa. Na ce ƙwarai gilashin ya dushe, na taya ta zagin hayaƙi. Mai kawo mana itace, bawan Allah, ya sha faɗa a bakina kan itacen da ya bushe ƙarau, yana kallona yana ba da haƙuri. In ta juya baya sai in lallaɓa in gyara wutar. Tsorona ɗaya ne: ran da na ce mata idonta ne, za ta ce aikinta ya ƙare, ta ɗaure ƙullinta. Gara mini ƙonannen kek kullum da wannan.

Mun yi kusan wata biyu a haka. Wata Alhamis da hantsi, ba makaranta, ta gama goge gilashin, ta sa babban yatsa ta murza shi har ya yi ƙara.

"Kin ji? Ya hita tas," ta ce. "Ki daina ɗaukar alhakin mai icce. Tun kaka na san idona ne."

Na fara zancen asibiti a Katsina, cewa ana cire yanar ido mutum ya gani, ta ce to, in Allah Ya kai mu. Sai na yi tambayar da take cina, ko yanzu za ta ce sai Ruma.

Ta jera itace da lalube, ta miƙo mini ashana, na kunna, ta rufe ƙofar.

"Wa ya ce miki na gama? Zauna nan kusa da ni. Ke ki duba, ki hwaɗa mini yadda take."

Na zauna a ƙasa, kafaɗata na taɓa tata. Na share hawaye na leƙa. Na ce ja ce, da ɗan hayaƙi ta gefen hagu.

"Ƙara mata iska," in ji Inna.

Na sa hannu na ƙara.