Kupang daga ƙauyen Makcik Rohana

Wangsa Maju

Ana idar da asuba muka fito daga unguwarmu ta Wangsa Maju, ni direba, matata Hadiza mai bincike. Shekarar kullen korona ce, ba a fita gari sai da takardar 'yan sanda. Titin da kullum yake cunkushe ya zama fayau, har tsoro ya kama ni.

A shingen hanyar Klang ɗan sanda ya leƙo. "Ina zuwa?"

"Ɗebo kupang," in ji Hadiza. Kupang dangin makankarin koginmu ne, amma na teku. Ɗan sandan ya yi dariya a cikin takunkumi ya ce, "Boleh," wato mu wuce.

Bakin teku

Ni ɗan Gwarzo, madatsar Tiga ce iyakar ruwan da na sani. Na tsaya baki buɗe, sai da Hadiza ta ce, "Baban Amira, aiki muka zo fa."

Makcik Rohana, dattijuwar da ke kiwon kupang a jikin igiyoyi, ta jawo ɗaya, ga su cinjim, koraye shar. Can gefe bututun wata masana'anta yana tsiyaya. Kasuwa a rufe take, don haka kupang ɗin take dafa wa jikokinta safe da yamma. Baƙo ba ya barin gidanta da yunwa, ta sa mu gaba sai da muka ci.

"In kin duba cikinsu, ki gaya mini," ta ce da Hadiza tana miƙa mata wasu.

Ɗakin bincike

Da la'asar muka iso. Hadiza ta ce halittar nan tace ruwa take yini tana yi, duk gubar da ke cikinsa a 'yar hantarta take taruwa. Ta buɗe wanda aka kawo daga ruwa mai tsabta, ta ce in leƙa hantar ta madubin ƙara girma. Tsarki ya tabbata ga Allah. Abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ga shi da jijiyoyi da lungu-lungu, a cike, a tsare.

Ta sa na Makcik. Ya koɗe, ya saki kamar tsumma. Ta buɗe wani, ta ƙara wani, duk haka.

"Tabbaci sai sample ya yi makonni ana gwada shi," ta ce. Amma ta ɗauki waya.

"Makcik, kada yaran su ƙara ci sai na kira ki."

Muryar Makcik ta fito a hankali: "To me zan ba su da daren nan?"

Gida

Mun iso lafiya, mun gode wa Allah, mun gode wa Makcik. Hadiza ta zuba wa Amira shinkafa, ita Hadiza kuwa ta kasa kai loma.