Kwana Uku a Ƙofar Gidan Yayata

Shekaruna saba'in da huɗu a duniya, kuma shekara uku ke nan da aukuwar abin da zan bayyana muku. A wancan lokaci ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya ajiye aiki da mutuncinsa, ina zaune a Gwadangaji cikin rufin asiri, mutum ne da ba a yi masa gyara a bainar jama'a, a ɓoye ma sai an shirya. Babban ɗana ne ya sayo mini wata mota daga Kwatano, irin wadda ake kira tafi-da-gidanka. A cikinta akwai gado, da murhun gas, da firji, da makewayi, har da na'urar sanyaya ɗaki. Ranar da ta iso, masu Keke Napep suka riƙa tsayawa suna leƙe. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aure ya kai wani ƙauye gaba da Gaya, a ƙasar Nijar. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu a Argungu, kuma har na yi furfura ba ta kira na da wani suna sai autan Inna. Mun shekara goma sha ɗaya ba mu sa juna a ido ba. Na aika mata cewa ina tafe da iyalina kafin damina, amma gaskiyar da ke cikin zuciyata ita ce motar nake so a gani.

Muka tashi da hantsi, ni da uwargidana da ɗana na biyu wanda ke tuƙi. Muka biya Argungu muka ɗauki busasshen kifi, muka haɗa da shinkafar Zauro da albasar Augie, sannan muka bi ta Kangiwa zuwa Kamba. A bakin iyaka aka duba takardun mota da katin rigakafinmu. Wani jandarma ya shiga ciki ya ga gado da tukunya, ya fito yana dariya, yana tambaya ko takardar mota zai nema ko ta fili, tunda Alhaji ya tumɓuke gidansa ya ɗora a kan taya. Na ji daɗin wannan magana fiye da kima, alhali da ina da basira da na tsaya na auna ta.

Mun isa bayan la'asar. Yayata ta fito tana dogara sanda, ta riƙe fuskata da hannu biyu tana kuka, tana cewa autan Inna ya tsufa bai nemi izininta ba. Ta ja ni zuwa wani ɗaki da aka yi wa sabon daɓe da sabon yaɓe, an shimfiɗa sabuwar tabarma da katifa, ga randa an rufe da faifai, ga turaren wuta. Na dubi ɗakin, na ji zafinsa, na ce mata kada ta wahalar da kanta, ai na zo da masaukina. Ta ce to.

Kwana uku na yi a cikin motar nan a ƙofar gidanta. Tuwon shinkafa da miyar kifi da ta tsaya a kansa da kanta, loma biyu nake yi in ce likita ya hana ni, alhali babu likitan da ya hana ni komai. Ruwan randarta ban kurɓa ba, na gora nake sha daga firji. Uwargidana, wadda tun ranar farko ta kwashi kayanta ta shige cikin mata, ta same ni ta ce Alhaji ka ji tsoron Allah, baƙo ba ya ƙin shimfiɗar mai gida, balle shimfiɗar wadda ta goya shi. Na ce mata zamani ya sauya, ita ce ba ta sani ba.

Da safiyar rana ta uku yayata ta zo ta tsaya a gindin matakalar motar. Na ce ta hau ta ga ikon Allah. Ta ce gwiwoyinta ba sa hawan gidan sama, kuma bayanta da na kwanta a kansa shekara biyu ina goye ba shi da fanka, amma ba ta taɓa jin na yi ƙorafi ba. Ta ƙara da cewa wanda ya zo da gidansa bai zo gidanka ba, kusa da gidanka ya tsaya. Na mayar da abin wasa, na kira ta 'yar ƙauye, na yi alkawarin bayan damina zan dawo in kwana bakwai a ɗakin nata. Ta ce Allah ya kai mu, ba ta yi dariya ba.

Damina ba ta ƙare ba aka rufe iyaka. Idan na kira yayata a waya, gaisuwa kawai take amsawa ta miƙa wa jikoki. Na yi ta jiran ranar da zan zauna gabanta in nemi gafara, don girman kai ya hana ni furta ta a waya. Ana cikin haka aka sanar da ni ta cika. Samarin danginmu suka ratsa daji a kan babura suka sami jana'iza. Ni jikina ba zai ɗauki wannan hanya ba, motar kuwa tana tsakar gidana ba ta da amfanin komai.

Daga baya 'yarta ta faɗa mini abin da ban sani ba. Wata biyu yayata ta yi tana gyaran ɗakin nan, ta hana kowa kwana a ciki. Bayan tafiyarmu kuwa, matan unguwa suka riƙa yi mata habaici a bakin rijiya, wai ƙanenta mai arziki ya ga gidanta bai kai ya sa haƙarƙarinsa ba. Da ciwo ya tsananta, 'yar ta tambaye ta ko ta yafe mini. Ta ce ta yafe duniya da lahira, jini ba ya riƙe jini, amma ta so a ce autan Inna ya kwana a ɗakin ko da dare ɗaya ne.

Ya ku masu hali, ku da Allah ya buɗa wa, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Idan kun je ga danginku, ku sauka inda suka sauke ku, ku ci abin da suka dafa, ku sha daga randarsu, ko da zafi zai hana ku barci. Shimfiɗar talaka mutuncinsa ce ya ajiye a gabanka, in ka tsallake ta shi ka tsallake. Kuma wanda ke da gafarar nema ya neme ta yau, kada ya jira bayan damina. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba. Uwargidana tana raye, ɗana da ya tuƙa mu yana raye, haka 'yar marigayiyar, kuma Allah shi ne mafificin shaida.