Wa Zai Taya Man Madam?

Shekarar da na ajiye alli, ƙafata ba ta san zama ba. Ina cikin aji a Dogon Dutsi, yara na maimaita karatu, ni kuwa hankalina na can wajen injin niƙan gyaɗa. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Na nemi hutun shekara ba albashi, na koma sana'ar kakata, matsar mai da tuyar ƙuliƙuli. Maigidana ya ce, "In shekara ta zagayo ba ki tsaya da ƙahwarki ba, ki koma lakkol." Na ce na ji. Komawa makarantar nan kuwa ita nake tsoro fiye da komai.

Na kafa tebur a kasuwa, na jera kwalabe. Jama'a suka yi ta zuwa, amma gaisuwa ce ke kawo su. Duk macen da ta tsaya, ko na karantar da ita, ko na karantar da ɗanta. Sai ta rusuna: "Madam, ina kwana? Allah shi ba da sa'a." Ta ɗaga kwalba, ta shinshina, ta yaba, ta ajiye, ta wuce tebur na gaba ta kama ciniki kamar za a ba hammata iska. Haushi ya ishe ni. Na tare maƙwabciyata na ce ta gaya mini laifin man nawa. Ta ce, "Ba shi da laihi. Amma wa ka iya tayi da Madam? In na rage na yi rishin kunya, in ban rage ba na cutu."

Na rage da kaina, suka ƙara gudu, wai kada su karya ni. Ƙuliƙuli ya yi sanyi, mai ya soma sauya ƙamshi, damina ta yi nisa, an kusa buɗe lakkol. In shiga ɗaki in fito, in share tsakar gidan da na riga na share.

Ranar kasuwar Kore Mairuwa na ɗaura tsohon zane, na hau motar 'yan kasuwa da jarkokina. Can ba wanda ya san ni. Wata Bafulatana mai tallar nono ta tsaya, ta yatsina fuska. "Ke mai mai, wanga mai na ko ruwa?" Wallahi daɗi ya kashe ni. Muka ja, ta tafi, na kira ta, ta dawo, ta saya, har ta ƙwaci gyara.

Da la'asar wata yarinya mai goyo ta iso. Muka haɗa ido, na gane ta, ɗalibata ce da ke zama bakin taga, aure ya kawo ta garin. Nan take ta harɗe hannuwa a ƙirji yadda na koya musu, ta fara ja da baya. In wannan ta wuce, gobe duk garin sun san ni Madam ce.

Na ce, "Sauke hannu, ɗiyata. Taya."

Ta dubi ƙasa, ta dubi kwalbar. Can ta faɗi wani kuɗi da ko kwalbar wofi ba zai saya ba.

Na ce, "Albarka! Haka na koya miki lissahi? Ƙara."

Ta ɗago kai, ta gyara goyonta. "Madam, man naki ya kwana biyu hwa."