Jar Miyar Habi

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Agiye ya san rumfar Habi, ko bai san sunanta ba ya san ƙamshin. 'Yar garin Gangara ce, a lambun mahaifinta ta tashi cikin tumatir, tun ba ta kai tsawon turmi ba take yanka shi ana shanyawa. Hannunta a miya kuwa kyauta ce daga Allah. Takan soya tumatir da man gyaɗa a hankali, ba ta gaggawa ko da direba na danna ham, sai man ya taso sama jajawur sannan ta sauke.

Wannan miyar ce ta kamo mata Chindo mai amalanke. Kullum sai ya zo ya ce gishiri ya yi kaɗan, kullum kuma sai ya suɗe kwano. Da ta gaji ta ce masa in gyara yake so ya turo magabatansa. Ai kuwa ya turo. Suka rayu har furfura, 'yarsu Nazira ta yi lakol, wato makarantar boko, ta wuce Maradi karatun abinci da lafiyar jiki, shi kuma bai fasa ƙorafin gishiri ba.

Da tsufa ya zo, ciwon fitsari ya kwantar da shi. A rediyo Habi ta ji ana cewa jan da ke cikin tumatir yana taimakon maza masu irin wannan larura. Ita da ta ƙare rayuwarta gaban murhu ta san wuta cin abu take yi, don haka ta yanke cewa ɗanye zai ci, kada amfanin ya ƙone. Ta daina ba shi miya. Takan zaɓo masu kyau ta yanka masa a faranti, ta tsaya a kansa sai ya cinye.

"Habi, ki ɗan soya mini mana, ko cokali guda," yakan ce.

"In ka miƙe, Malam, tukunya guda zan aje maka."

Bai miƙe ba. Ana cikin girbin gero ya rasu.

Bayan ta fita takaba, Nazira ta zo hutu, tana zaune kusa da murhu uwar na suya. Yarinyar ba ta san komai game da farantin ba, so kawai take ta ga uwarta ta yi murmushi.

"Inna, kin san abin da kike yi ɗin nan har a aji an koya muna shi? Jan tumatir in yana ɗanye a miƙe yake kamar kara, a kulle cikin tsoka, hanji bai cika ɗaukarshi ba. In ya sha wuta da mai sai ya fito, wani ya lanƙwashe kamar lauje, ya bi man ya shiga jiki."

Ludayin ya tsaya a hannun Habi. "To ɗanyen fa?"

"Shi ma abinci ne, amma kaɗan jiki ke samu."

Habi ta zauna a ƙasa, ta faɗa mata komai. Nazira ta riƙe hannunta tana kuka, ta rantse mata cewa ciwon Baba ya wuce abin da tumatir zai tare, ɗanye ko soyayye, kuma gaskiya ta faɗa.

"Na sani, kwana ne ya ƙare," in ji Habi. "Amma shi ba magani ya roƙe ni ba. Miya ya roƙa, ga ta a hannuna, na hana shi."

Wannan baƙin cikin bai sake ta ba har yau. Tana nan a tasha, miyar ba ta canza ba, man na tasowa jajawur kamar da. Sai dai in ta sauke tukunya, maƙwabciyarta Talatu mai kunu take kira ta ɗanɗana mata gishiri, don ita tun ranar ba ta ƙara kai miyar bakinta ba.