Yaya Falmata da Lambobin 'Yan Tunga

Da wannan damina Yaya Falmata ta cika shekara shida da rasuwa. Na so in zauna in rubuta mata abu cikin natsuwa, irin wanda ake yi wa mamaci, a jero kyawawan halayensa a rufe da addu'a. Zaman ne ya gagare ni. In na rubuta layi biyu sai in tashi in leƙa jingar da ke tare wa gari ruwa in ga inda ya kai, in dawo in duba waya. Kogi sai cika yake yi, an ce an saki ruwan dam daga sama, ga kuma Kawu Modu, ƙanin mahaifiyarmu, yana can tungar masunta a wajen Baturiya, inda ruwa ba ya sallama kafin ya shigo ɗaki.

Ga wanda bai san ta ba, Falmata yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni ne autan gidan. Kwamfuta ta karanta, ta yi aiki a Kano, daga baya ta dawo gida Haɗeja. Ni kuwa malamin aikin gona ne, kuma sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa da masunta, muƙamin da ake liƙa wa wanda bai iya cewa a'a ba. A da, in labarin ambaliya ya zo, babur muke hawa mu bi ƙauyuka, kafin mu gama zagaye ruwa ya riga mu isa. Ita ta kawo shawarar a tattara lambobin wayar 'yan ƙungiya a rumbun bayanai, a riƙa tura wa kowa gargaɗi lokaci guda.

Aikin yana da 'yar sarƙaƙiya. A wancan lokacin, saƙon da ya tashi daga layin wani kamfani zuwa na wani yakan yi nawa, wani zubin har ya kwana a hanya. Don haka ta tanadi layin kowane kamfani, kowa a tura masa ta nasa. Ana gane kamfanin mutum ne daga farkon lambarsa. Sai ta yi tebur biyu a kwamfuta, wato jerin bayanai biyu, ɗaya na mutane da lambobinsu, ɗaya na farkon lambobi da kamfanin da ke da kowanne. Sannan ta rubuta wa kwamfutar umarni, wanda masana ke kira tambaya, tambayar da za ta haɗa teburan, ta ɗauki kowane mutum ta kai shi gidansu, wato kamfanin layinsa.

Ranar gwajin farko, shugaban ƙungiya, Alhaji Sabo, ya shigo ofis baki har kunne. "Hajiya," in ji shi, "na'urar nan taki ta san manya. Sau biyu ta gaishe ni." Muka kwashe da dariya, ban da ita. Ta ja kujera ta hau bincike. Ashe lambarsa ta fara da 07025, a teburin kuma akwai 0702 na wani kamfani, akwai 07025 na wani, kowanne ya ce Alhaji nasa ne. Maganin da ta yi shi ne ta saka tambaya cikin tambaya: ta ciki ta fara tattaro duk farkon lambar da ya dace da mutum, ta zaɓi mafi tsawo, sannan ta miƙa wa ta waje. Tsohuwar kwamfutar ofis ta riƙa nishi kafin ta ba da amsa, amma ta daina gaida Alhaji sau biyu. Bayan wannan ta yi fama da lambobin da kwamfuta ta cinye wa sifilin farko, da waɗanda masu su suka rubuto da 234 don a san sun waye.

Ni a wurina aiki ya ƙare, har na fara tattara takarduna. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Auta, wanda saƙo ya je wa sau biyu zai zo ya faɗa. Wanda bai je wa ba fa, ta ina zai san an yi?"

Ranar kasuwa ta ja ni layin masu kifi, muka tarar da Kawu Modu ya kawo banda. Bayan ta durƙusa sun gaisa ta ce, "Kawu, saƙon gwaji ya shigo maka?" Ya ce, "Wane saƙo kuma, 'yar nan?" Ta bi 'yan tungarsu ɗaya bayan ɗaya, amsar ke nan.

A ranar ta gano inda gizo ke saƙa. Irin haɗin da ta yi wa teburan ba ya riƙe kowa sai wanda ya sami abokinsa a ɗaya ɓangaren. Duk wanda farkon lambarsa ba ya cikin tebur na biyu, shiru ake zubar da shi, ba ƙorafi ba alama. Su wa ke nan? 'Yan tunga. Can cikin fadama ba kowane layi ke kamawa ba, wanda ya kama bara ma ba lallai ya kama bana ba, don haka masunci kan sayi sabon layi a kasuwa kafin ya koma ruwa. Sabon layi kuwa da sabon farkon lamba yake zuwa, wanda teburinmu bai taɓa ji ba. Mu 'yan gari masu tsofaffin layuka, da ke kwana a kan tudu, duk saƙo ya same mu. Waɗanda tabarmarsu ke dab da ruwa su aka zubar. Ban taɓa ganin ran Yaya ya ɓaci kamar na ranar ba, ko abinci ba ta ci ba.

Ta sake haɗin yadda ba za a ƙara zubar da kowa ba. Wanda ba a samo kamfaninsa ba, a bar gurbin fanko, a tara su a ƙasa. Ta sa musu suna ragowa, ta kuma kafa doka: ba a tura gargaɗi sai an kira ragowa da baki. Har yau ina ganinta bayan la'asar, a tabarma gindin darbejiyar gidanmu, waya a kunne. Sai ta gaida mutum, ta tambayi iyali, ta tambayi kamun bana, sannan ta ce ruwa na tafe, a ɗaga. In na yi mitar tana ɓata lokaci da gaisuwa, sai ta ce wanda ba ka gaisa da shi ba ba zai kwashe kayansa don maganarka ba.

Ciwon 'yan kwanaki ta yi, Allah ya karɓi abarsa. Ta bar mini kwamfutar da abin da ta ɗura mini a ka da ƙarfin tsiya. Tun daga nan, kowace damina nakan bi sababbin farkon lambobi in zuba a tebur, in ce bana kam ragowa ta ƙare. Ina! Da an kawo lambobin bana sai ta sake cika, Kawu Modu a sahun gaba. Abin ya riƙa ci mini rai. Na karanta tambayar nan gaba da baya har na haddace ta, na kai wa abokai masana su duba, kowa ya ce lafiyarta ƙalau. Haka zan zauna gindin darbejiya in kira su ina ƙunƙuni, in na zo kan Kawu in ce, "Don Allah Kawu ka zauna a layi ɗaya mana." Shi kuwa sai dariya.

Yanzu zamani ya wuce tambayar Yaya. Mutum kan koma wani kamfani da tsohuwar lambarsa, saboda haka farkon lamba ya daina faɗin gaskiya. Kwamitin ƙungiya ya gayyato wata ƙwararriya, Injiniya Hadiza, ta nuna mana sabuwar hanya: ƙofa ɗaya ce, ta tura wa kowane layi, ta dawo da shaidar cewa saƙo ya shiga. Ba haɗin tebur, ba tambaya cikin tambaya, ba ragowa. Na nemi aibin abin ido rufe, don kishin aikin 'yar'uwata, ban samu ba. Ranar Asabar kwamiti zai zauna ya yanke. Ina ta tambayar kaina me Yaya za ta ce da tana nan. Na san ta sarai, ba ta da ƙulafucin tsohon abu. Da hannunta za ta goge tambayar, ta kuma yi mini tsiyar na tsufa kafin ita.

Makon jiya na kasa zama, na hau babur har inda hanya ta ƙare, ɗan fito ya ratsa da ni cikin ciyawar kacala zuwa tunga. Na je ne in lallashi Kawu ya ɗaga da wuri, in kuma yi masa albishir. Na same shi yana gyaran raga. Na ce, "Kawu, wahala ta ƙare. Daga bana kowane layi ka saya, saƙo zai shigo maka kai tsaye."

Ya ajiye ragar. Ya dube ni ya ce, "To, wa zai kira mu?"

Na ce ai ba sai an kira ba, saƙon zai zo a rubuce.

"Auta," in ji shi, "duk tungar nan wa ka gani yana karanta boko? Waya ta yi ƙara, ka duba ka ga abu kamar tururuwa. Sai ka je kasuwa ka sami mai karanta maka, lokacin ruwa ya gama abin da zai yi. Mun lura tun tuni, mai tsohon layi rubutu ake aiko masa, mai sabo murya. Shi ya sa in damina ta kawo kai muke cewa mai sayarwa ya ba mu wanda ya fito jiya-jiya."

Ashe duk shekarun nan da nake farautar kuskure a kwamfuta, mutane ne ke jefa kansu cikin ragowa da gangan, don a nan ne kaɗai ake jin murya. Na ce, "Ita Yaya ta sani?"

"Ta sani mana. Ta tsare ni da tambaya a daminarta ta ƙarshe, na faɗa mata. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce za ta yi mana gurbinmu daban mu huta da sayen layi. Ba ta ga damina ta gaba ba."

Tun da na dawo hankalina bai kwanta ba. Sabuwar hanyar za ta nuna cewa saƙo ya shiga wayar Kawu, gaskiya kuma za ta faɗa. Mu a ofis mu ga komai ya tafi daidai mu tashi mu tafi gida, shi kuwa yana zaune bakin ruwa da tururuwa a aljihu. Ranar Asabar zan ɗaga hannu a karɓi aikin Injiniya Hadiza, don ya fi namu. Amma zan roƙe ta gurbin nan da Yaya ba ta samu ta yi ba, na waɗanda za a kira da baki. Ita ina kyautata zaton za ta yarda. Kwamiti ne ban sani ba, don na riga na ji wani yana cewa wa ke da lokacin kiran mutane ɗai-ɗai a wannan zamani.

In an goge tambayarta, ba abin da zai rage na Yaya a cikin kwamfutar, kuma na yi mamakin yadda hakan bai dame ni ba. Abin da ta bar mini ba a rubuce yake ba. Ita ta hana ni jin daɗin ganin aiki ya tafi daidai sai na waiwaya na nemi wanda aka bari, kuma ina jin ba zan warke daga wannan ba har in tarar da ita. Ina kewarta ƙwarai, na fi kewarta a irin wannan mako.

Da safen nan ruwa ya taɓa buhunan jinga. Kawu ya yi mini alkawarin zai ɗaga ranar da ya ji muryata a waya, ba kafin nan ba. Na kira, wayar tana shiga ba a ɗauka. Mai yiwuwa yana kan ruwa ne, ya bar ta a bukka kamar yadda ya saba. Allah ya jiƙan Yaya Falmata, ya haskaka makwancinta. Ni bari in ajiye alƙalamin nan in sake gwada lambar Kawu.