Ranar da na ƙi hawa mashin ɗin aminina

Shekara talatin na yi ina jan tirela. Na ga hatsari, na ga 'yan fashi, yawanci duk sun dushe a raina. Amma safiyar da na ɗaga rigata a bakin hanyar Misau, ita kam ba za ta bar ni ba har kabari.

Zaman mota ne ya tara mini ƙiba. Ci a tasha, sai barci. Har ta kai sallah sai a kan kujera, ga suga, ga hawan jini. Likita ya ce sai an rage mini tumbi. 'Yata ta fari, ma'aikaciyar jinya ce a Bauchi, ita ta kai ni aka yi aikin. Da na dawo Azare, duk wanda ya zo dubiya sai in ce gyambon ciki ne. Bafulatani ya buɗe baki ya ce an yanka shi saboda ci? Ban iya ba.

Ranar da 'yata za ta koma Bauchi, ta ɗaura mini wani baƙin agogo a hannu.

"Baba, wannan taku yake ƙirgawa. Ka ga zoben nan? Kullum ka yi tafiya har ya cika ya zama kore. Ina gani a wayata daga can. In ka zauna, ƙibar dawowa za ta yi."

Na ce, "To."

Abin da agogo bai sani ba, a garinmu ba a barin dattijo ya taka a ƙasa ana kallo. Kafin in sha kwanar layinmu wani ya ci burki. "Alhaji, ina motar? Hau." In ka ƙi, ka wulaƙanta mutum. Sai in hau. A ajiye ni a kasuwa inda ba ni da abin yi, wani ya ɗauko ni ya maido gida. Wanda ya fi matsa mini aminina ne, wani Babarbare mai sayar da hatsi, tun muna samari muke tsokanar juna. Ya gane lokacin fitata, kullum in same shi yana jira a kan mashin.

Mako uku zoben bai kai rabi ba. Sai 'yata ta kira. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ni na sa hannu a takardar aikin nan. Ni na zauna a bakin ƙofa ban san ko za ka fito da rai ba. Kada ka mayar da ni wurin."

Sai ta fashe da kuka. Ni da ban yi hawaye ba ranar da mota ta kife da ni, sai da na nemi bango na jingina.

Washegari na fita ta ƙofar baya don in kauce wa aminina. A banza. Ya cim mini a hanyar Misau.

"Kai Bafulatani, gudu kake? Hau nan."

"Ba zan hau ba."

Ya kashe mashin. Fuskarsa ta sauya. "Gari ya ɗauka wani mugun ciwo ke cin ka, ka rame, kana yawo kamar wanda ya rasa hanya. Ni ban yarda in bar ka ka faɗi a titi ba. Faɗa mini gaskiya."

Na ɗaga riga na nuna masa tabon hujin da aka yi mini. Na ce ba gyambo ba ne, tumbi aka rage saboda ƙiba ta kusa kashe ni. Na nuna agogon. Na ce tafiyar nan ita ce maganin, kuma yarinya tana kallo.

Ya dubi tabon, ya dubi agogon. Can ya fashe da dariya har da dafa kujerar mashin.

"Wato mako uku ina hana ka shan magani, ina ƙona man mashin ɗina a kai! Me ya hana ka faɗa?"

"Kunya."

"Kunyar Fulani dai. Lokacin da kake cinye ƙafar rago kai kaɗai ba ka ji ta ba."

Ya tura mashin wurin mai faci ya ajiye, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, muka kama hanya. Duk wanda ya rage gudu zai tsaya, sai ya ɗaga masa hannu: "Wuce, Allah ya saka! Yau Babarbare ke kiwon Bafulatani." Kafin mu juyo yana haki ya fi ni, yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro agogon. Muna kusa da gida agogon ya girgiza a hannuna. Zobe ya cika. Na miƙa masa, ya duba kamar nasa ne.

Yau a tsaye nake sallah, goshina yana taɓa ƙasa. Shi kuma har yanzu yana biyo ni, yana mita.

Abin da na koya kaɗan ne. Masu ƙaunarka za su iya cutar da kai da alheri in ka ɓoye musu ciwonka. Faɗa musu, su san irin taimakon da za su yi.